Garin laimar kwaɗi a abincin kajin nama: mu auna kafin mu zuba



Darasinmu na wannan karo daga bakin ɗalibai ya fito. A zagayen da muka yi na cibiyoyin yaƙi da jahilci, mun sauka wani ƙauye na wajen Barmu. Bayan an gama karatu, shugabar ƙungiyar mata ta ɗaga hannu, ta ce: "Malam, muna da tambaya. Mun ci bashin asusu mun sayi ƴan tsakin turawa 50. Ɗana da ke ci-rani ya aiko mini da magana ta waya, ya ce yanzu garin laimar kwaɗi ake zuba wa kaji, su yi ƙiba ba tare da magani ba. Ga ta nan tana fitowa a bakin suri da damana. Mu tsinko mu daka musu?"

Muka ce mata: "Inna, ku dakata tukuna. Ku ba mu lokaci mu bincika." Matambayi ba ya ɓata. Mun karanta, mun kuma tattauna da ma'aikatan kiwo. Ga abin da muka samo. Mu karanta shi a hankali, domin maganar ta shafi kuɗin bashi, ta shafi ran kaji, ta kuma shafi lafiyar iyali.

Mece ce laimar kwaɗi?

Laimar kwaɗi ita ce wasu ke kira naman kaza. Tana fitowa bayan ruwan sama, a bakin suri, ko a kan juji, ko a jikin ruɓaɓɓen itace. Ba ta da ganye, ba ta da fure, ba ta buƙatar rana kamar hatsi. Abincinta shi ne kara da itace da taki masu ruɓewa. Danginta su ne funfunar da ke kama tuwo in ya kwana biyu, da yis ɗin da ake sa wa burodi.

Irinta yana da yawa ƙwarai. Akwai wadda ake ci, akwai mai sa amai da zawo, akwai mai kisa. A ƙasarmu ma akwai wuraren da mutane ke cin wasu iri. A shekarar 2010 masana sun bayyana wani iri da ba a taɓa rubuta shi cikin littattafan ilimi ba, wanda ake ci a Nijar da Burkina Faso da Tanzaniya.

A ƙasashe da yawa noma ta ake yi, kamar yadda muke noman albasa. Ƙasar Sin ta fi kowa noman ta. Iri biyu sun fi shiga maganar kaji. Na farko fari ne mai kai kamar maɓalli, wanda Turawa ke sa wa miya. Na biyu mai faɗi ne kamar kunne, yana fitowa a jere a jikin kara ko itace, masana na kiransa pilerotus.

Don me ake ba kaji?

Kajin nama, waɗanda muke kira kajin turawa, an zaɓe su ne domin saurin girma. Cikin sati 6 zuwa 8 sun isa sayarwa. Amma jikinsu bai da juriyar kajinmu na gida. Cuta kaɗan sai ta kayar da su.

Saboda haka shekara da shekaru masu manyan gidajen kaji a duniya suna zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta, wato antibiyotik, cikin abincin kaji kowace rana, ko da kajin lafiya lau suke. Kajin suka riƙa girma da sauri. Daga baya sai aka gano illar abin. Ƙwayoyin cuta sun saba da maganin, ba ya kashe su kuma. Waɗannan ƙwayoyi suna iya kama mutum. In yaro ya kamu, a kai shi likita, a ba shi magani, maganin ya ƙi aiki.

Ƙasar Suwidin ta hana wannan ɗabi'a tun 1986. Ƙasashen Tarayyar Turai duka sun hana ta daga 1 ga Janairu 2006. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira da a daina ba dabbobi masu lafiya waɗannan magunguna don neman ƙiba.

Da aka rufe wannan ƙofa, sai masu bincike suka shiga neman abin da zai taimaki kaza ba tare da ya cuci mutum ba. Suka gwada tafarnuwa, suka gwada citta, suka gwada ganyaye iri-iri. Cikin abubuwan da suka gwada akwai garin laimar kwaɗi.

Me garin ke yi a jikin kaza?

Cikin hanjin kaza akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Wasu masu amfani ne, suna taimakon narkewar abinci. Wasu masu cutarwa ne, suna kawo zawo. In masu amfanin sun yi yawa, sai su hana masu cutarwa wurin zama, kamar gonar da hatsi ya rufe, ciyawa ba ta samun sarari.

Laimar kwaɗi tana ɗauke da wani sinadari da kaza ba ta narkar da shi duka. Ƙananan halittun nan masu amfani suna cin sa, su ƙaru. Sinadarin yana kuma zaburar da garkuwar jiki, wato ƙarfin da Allah ya sa wa jiki don yaƙar cuta. Ban da wannan, busasshiyar laimar kwaɗi tana da furotin, abincin da ke gina tsoka, tana da bitamin.

A ƙasar Girka, cikin 2010, masu bincike sun wallafa sakamakon wani gwaji. Sun raba kajin nama kashi uku. Kashi na farko ba a sa masa komai ba. Na biyu an sa masa giram 10 na gari a kowane kilo na abinci. Na uku an sa masa giram 20. Bayan kwana 42, kajin da suka ci garin sun fi amfana da abincin da suka ci, waɗanda aka sa wa giram 20 kuma sun fi girma. A Vom, kusa da Jos, inda babbar cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Nijeriya take, an gwada wani iri mai tauri da ke fitowa jikin itace a kan kaji masu zawon jini, masu binciken suka ba da labarin samun sauƙi.

Amma mu ji sauran labarin. A wasu gwaje-gwajen da aka yi a wasu ƙasashe, kajin da suka ci garin ba su fi sauran nauyi ba. A wasu ma, da aka yawaita garin, sai kajin suka rage cin abinci, girmansu ya ja baya. Sakamakon yana bin irin laimar da aka yi amfani da shi, da yawan da aka zuba, da tsabtar ɗakin kajin. Kuma waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a hannun masana, da irin da aka tantance, da abinci cikakke, da kajin da aka yi wa rigakafi.

Abin da za mu riƙe shi ne: garin laimar kwaɗi ƙari ne kawai, kamar yaji a kan tuwo. Yaji ba ya ƙosar da mai yunwa.

Hattara da ta daji

Yanzu mu koma ga tambayar shugabar mata. A tsinko ta daji a daka wa kaji? Amsarmu ita ce a'a. Ga dalilai:

1. Mai guba da marar guba suna kama da juna. Akwai wata babba, fara, mai fitowa inda taki ya yi yawa. In ta tsufa ƙarƙashinta yakan koma kore-kore. Wanda ya ci ta zai yi amai da zawo mai tsanani. Tun tana ƙarama, gane ta yana da wuya ko ga wanda ya saba.

2. Gubar wasu iri ba ta mutuwa da shanya, ba ta mutuwa da dafuwa. Irin wannan guba hanta take lalatawa, kuma alamarta ba ta fitowa sai bayan awoyi da yawa.

3. Ba gaskiya ba ne cewa duk wadda akuya ko ƙwaro ya ci, mutum ma zai iya ci. Launi ko ƙamshi ma ba sa nuna mai guba.

4. In an daka ta ta zama gari, ba mai iya sanin irin da ke ciki. Turmin da aka daka ta, shi ne za a daka hatsin fura. Yaro na iya lasar garin.

Saboda haka kada mu aiki yara tsinko ta. Kada kuma mu sayi ƙullin gari a kasuwa daga hannun wanda ba zai iya faɗa mana inda aka noma shi ba. In wani ya ci laimar kwaɗi ya soma amai ko ciwon ciki, a kai shi gidan likita nan take, a tafi da sauran abin da ya ci. Ko ya ce ya ji sauƙi, a kai shi, domin wata gubar takan lafa kwana ɗaya sannan ta dawo da ƙarfi.

Mu yi lissafi

Mun koyi lissafi a aji domin irin wannan rana. Mu ɗauki alli da allo.

Kazar nama ɗaya tana cin kimanin kilo 4 na abinci daga ƙyanƙyasa zuwa sati 6. Ƙungiyar matan nan tana da kaji 50.

50 sau 4 ya ba da kilo 200 na abinci.

Ma'aunin da aka fi gwadawa shi ne giram 10 a kilo ɗaya. Wato kilo 1 na gari a cikin kilo 100 na abinci. Buhu mai kilo 50 yana ɗaukar rabin kilo. Kilo 200 na abinci yana buƙatar kilo 2 na gari.

Ɗanyar laimar kwaɗi kusan duk ruwa ce. Cikin kashi 10, kashi 9 ruwa ne. In an shanya kilo 10, abin da zai rage kimanin kilo 1 ne. Don a sami kilo 2 na gari, sai an shanya kilo 20 na ɗanya. In ma'aunin giram 20 za a bi, sai kilo 40.

To, ina za a sami kilo 20 na laimar da aka tantance a Barmu, ko Afala, ko Takanamat? In saye za a yi daga nesa, nawa ne kuɗinta, nawa ne kuɗin mota? Kowa ya tambayi farashi, ya rubuta, ya gwama da kuɗin kaza ɗaya a kasuwar Tawa. In kuɗin garin ya fi ƙarin naman da zai kawo, an yi aikin baban giwa.

Ana iya noma ta a Adar?

Ana iya gwada noman pilerotus, domin yana cin karan hatsi da karan dawa da bambaron shinkafa. Ga yadda masu noman ke yi, a taƙaice:

1. A sassare busasshen kara mai tsabta ƙanana-ƙanana, kamar tsawon yatsa.

2. A zuba shi cikin ruwa mai zafi ƙwarai a cikin tano, ya yi awa ɗaya zuwa biyu, don a kashe funfunar da ke jikinsa.

3. A tsame, a tsane, a bari ya huce. In an matsa da hannu, ɗigo ɗaya ko biyu kawai ya kamata ya fito.

4. A wanke hannu da sabulu, a gauraya karan da irin laimar, a cusa cikin leda, a ɗaure, a huhhuda ƙananan ƙofofi.

5. A ajiye a ɗaki mai duhu da sanyi sati 2 zuwa 3, har farin zare ya rufe karan duka.

6. A buɗe ledar kaɗan, a bar iska da ɗan haske su shiga, a riƙa yayyafa ruwa sau da yawa a yini. Bayan ƴan kwanaki laimar za ta fito.

7. A cire, a yayyanka, a shanya a kan tabarma mai tsabta nesa da ƙura, har ta bushe ƙayau tana karyewa. A daka, a tankaɗe, a rufe cikin kwalba ko gwangwani mai murfi.

A takarda abin da sauƙi. A ƙasarmu akwai cikas uku. Na ɗaya, zafi. Wannan iri yana son wuri mai laima, da zafin da bai wuce awo 30 ba. A Tawa, cikin Afrilu da Mayu, zafi yana wuce awo 40, da hunturu kuma iska ta bushe ƙarau. Lokacin da ya fi dacewa shi ne tsakiyar damana, ko lokacin ɗari a ɗakin ƙasa da ake jiƙa wa daɓe. Na biyu, ruwa. A ƙauyen da mata ke yini a bakin rijiya, ruwan yayyafi ba ƙaramin abu ba ne. Na uku, iri. Irin laimar a ɗakin bincike ake haɗa shi, ba a samun sa a rumbu. Mu kuma tuna cewa kara a Adar yana da masu shi: tumaki da shanu suna jiran sa da rani, darni da rufin ɗaki ma suna jiran sa.

Wanda ke da lambu da ruwa a kwari, kamar wajen Keita ko Tabalak, zai iya neman shawara wajen ma'aikatan noma ko malaman aikin gona na jami'ar Tawa, ya gwada da leda 5 ko 10. In ta yi kyau, iyalinsa ne ya kamata su fara ci, domin abinci ne mai gina jiki. Guntayen da suka rage bayan an gyara, su ne za a shanya wa kaji.

Abin da kaza ke buƙata tun farko

Kafin mu nemi ƙari, mu tabbata tushen ya zauna. Yawancin kajin da ke mutuwa a gidajenmu, abubuwa biyar ne ke kashe su.

Na ɗaya, rashin rigakafi. Annobar kaji, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasal, takan zo da ɗari. Kaza ta yi zawo kore, ta riƙa gyangyaɗi, wuyanta ya murɗe. Cikin ƴan kwanaki sai akurki ya zama kango. Wannan cuta ba ta da magani, rigakafi kawai gare ta. Haka ma cutar Gumboro mai kashe ƴan tsaki. Ranar da muka karɓi ƴan tsaki, mu je wurin ma'aikacin kiwo ya rubuta mana ranakun rigakafi, mu manna takardar a bango. Babu garin da ke tsayawa a madadin rigakafi. In kaji suna mutuwa da yawa farat ɗaya, a sanar da ma'aikatar kiwo, kada a ci, kada a sayar. Mun tuna murar tsuntsaye da ta ɓulla a Magarya cikin Fabrairu 2006.

Na biyu, abinci marar furotin. Dusa da tsaki kaɗai ba sa gina kazar nama. Ɗan tsako yana buƙatar abincin da kashi 21 zuwa 23 cikin 100 furotin ne. In ya girma, kashi 18 zuwa 20 sun isa. Masara ko dawa ko hatsi suna ba da ƙarfi. Ƙuliƙuli marar gishiri da garin kifi suna ba da furotin. Garin ƙashin da aka ƙona yana ƙarfafa ƙafa. Masu bincike na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasarmu, sun nuna cewa dawa marar bauri tana iya tsayawa a madadin masara cikin abincin kaji. Wannan albishir ne gare mu, domin a nan dawa ta fi masara samuwa.

Na uku, abinci mai funfuna. Mun ce funfuna dangin laimar kwaɗi ce. Wadda ke kama gyaɗa da masara tana fitar da guba mai suna afalatoksin. A Ingila, cikin 1960, talotalo kimanin 100.000 suka mutu saboda tunkuzar gyaɗa mai wannan guba, daga nan ne ma aka gano ta. Tana lalata hantar kaza, tana lalata ta mutum. Duk abincin da ya jiƙe, ya dunƙule, ko yana warin ruma, a binne shi. Buhu a ɗora shi a kan itace, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Garin laimar kwaɗi ma, in bai bushe sosai ba, funfuna za ta kama shi.

Na huɗu, zafi da ƙishirwa. Ɗan tsako a satin farko ɗumi yake so. Babbar kazar nama kuwa zafi ne ke kashe ta. In mun ga kaji sun buɗe baki suna haki, sun saki fukafukai, zafi ya yi musu yawa. A yi rumfa mai rufin kara, a bar iska tana ratsawa. Kada a wuce kaji 8 a wuri mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya. Kaza tana shan ruwa ninki biyu na nauyin abincin da take ci, da zafi ma fiye da haka. A sa ruwan randa mai sanyi, a wanke mazubin kowace safiya. Mai son riba ya tsara kiwonsa don kada kajin su girma cikin tsakiyar bazara.

Na biyar, ƙazanta. Shimfiɗa mai laima ita ke kawo zawon jini. A riƙa kwashe wadda ta jiƙe, a zuba busasshiya. A raba kajin turawa da kajin gida da zabi da tattabaru. Kazar da aka sayo daga kasuwa a keɓe ta sati 2 kafin ta haɗu da sauran.

Wata magana kuma ita ce kafso ja da ɗorawa da ake saye wurin ƴan tebur, a fasa cikin ruwan kaji. Wannan ita ce ɗabi'ar da muka ce duniya tana gudu. Kada a ba kaza antibiyotik sai likitan dabbobi ya umurta. In an ba ta, a jira kwanakin da aka rubuta jikin maganin su cika kafin a yanka ko a sayar.

Ƙarin da ke kusa da mu

Wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa, yana kuma son ƙari, ga abin da ke bayan ɗakinsa.

Ganyen zogale, wanda wasu ke kira tamakka, yana da furotin da bitamin. A shanya shi a inuwa, a daka, a zuba kilo 2 ko 3 cikin kilo 100 na abinci. Kada a wuce kilo 5, domin in ya yi yawa yana rage girma.

Gara abincin ƴan tsaki ce tun kaka da kakanni. A cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da guntun kara, a yayyafa ruwa, a kife ta inda gara ke bi. Bayan kwana ɗaya ko biyu a ɗauke da sassafe, a zazzage wa kaji.

Fara ma tana da furotin mai yawa, amma kada a ba kaji wadda aka tsinta a gonar da aka yi wa feshi. Mutanen da ke kusa da tabkin Tabalak suna iya samun ƙananan kifi da guntayensa. A shanya su sosai, a daka, a tabbata ba gishiri.

Yadda ake gwaji

Wanda ya sami garin laimar kwaɗi na gaskiya, daga hannun wanda ya noma ta, kada ya zuba wa kajinsa duka. Gani ya kori ji. Ga hanya:

1. A ware ƴan tsaki 20 masu kwana ɗaya, masu girma ɗaya. A raba su biyu, 10 nan, 10 can, da shinge a tsakani.

2. Abinci ɗaya, ruwa ɗaya, rigakafi ɗaya. Bambancin kawai shi ne kashi ɗaya ana sa masa gari, giram 10 a kowane kilo. Kaji 10 za su ci kimanin kilo 40, wato giram 400 na gari.

3. A auna garin a sikelin mai kanti sau ɗaya, a zuba a ƙaramin gwangwanin tumatir, a yi alama inda ya tsaya. Wannan gwangwani ya zama ma'auni.

4. A fara cuɗa garin da ɗan abinci kaɗan, sannan a zuba cikin mai yawa, a juya sosai, don kowace kaza ta sami rabonta.

5. A buɗe littafi, a ja layi a tsakiya. Kowane sati a auna kajin, a rubuta nauyinsu, da abincin da suka ci, da waɗanda suka mutu, da kuɗin da aka kashe.

6. In kajin sun rage cin abinci ko sun soma zawo, a daina, a kira ma'aikacin kiwo.

Ga misali. A ce ranar sayarwa kaji 10 marasa gari sun yi kilo 20, masu gari sun yi kilo 21. Ƙarin kilo 1 ke nan. In kuɗin giram 400 na gari ya fi kuɗin kilo 1 na kaza, an faɗi. In bai kai ba, an ci riba. Gwaji ɗaya ba ya isa, domin kaji 10 ba su da yawa, sa'a na iya shiga ciki. A maimaita sau biyu ko uku kafin a yanke hukunci. Haka za a gwada zogale ko duk wani abin da aka zo mana da labarinsa.

Da muka koma ƙauyen nan, mun yi wannan lissafi tare a kan allo. Da aka kai ga kilo 20 na ɗanya, shugabar ta yi dariya, ta ce: "Malam, ashe ko duk yaran gari muka aika ba za su cika kwando ba, ga kuma guba." Suka yanke shawara su sa kuɗinsu a rigakafi da ƙuliƙuli, su gwada zogale a kan kaji 10. Sakatariyar ƙungiyar, wadda bara ba ta iya rubuta sunanta ba, ita ce ke riƙe da littafin awo.

Mu tuna

Garin laimar kwaɗi yana iya taimakon hanjin kaza, amma ba kullum yake ƙara nauyi ba.

Ta daji ba ta shiga abincin kaji, ba ta shiga turmin gida.

Ma'auni shi ne kilo 1 cikin kilo 100 na abinci.

Rigakafi, abinci mai kyau, ruwa, inuwa da tsabta su ne gaba da kome.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Don me aka hana ba kaji masu lafiya antibiyotik?

2. Kawo dalilai biyu da suka sa ba a tsinko laimar kwaɗi ta daji a ba kaji.

3. Mutum yana da kaji 30. Kilo nawa na abinci za su ci cikin sati 6? Kilo nawa na gari zai buƙata? Kilo nawa na ɗanya zai shanya?

4. Wane lokaci annobar kaji ta fi zuwa ƙauyenku? Wa ke yin rigakafi, kuma ina ake samun sa?

5. Rubuta sunan abubuwa uku na ƙauyenku da ke ƙara wa kaji furotin.

Duk cibiyar da ta yi gwaji, ta rubuto mana sakamakon da hannun ɗalibanta, ta ba malamin aji ya kawo mana, za mu buga domin sauran ƙauyuka su amfana. Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba tukuna.

Allah ya sa albarka cikin kiwonmu, ya ba mu damana mai kyau. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.